Yadda Kwamfuta Ke Mayar da Jerin Sunaye Jimla

Duk mai rubuta manhaja, ba makawa zai tarar da sunaye jere, kamar Kano, Katsina, Zariya, alhali kuwa mai karatu jimla yake bukata wadda hankali zai karɓa. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, umarnin join yana sanya waƙafi, ko wata alamar da aka ba shi, tsakanin kalmomi; amma hikimar ita ce a ware sunan ƙarshe, a haɗa sauran, sa'an nan a liƙa shi da "da", sai a sami "Kano, Katsina da Zariya". Wajibi ne kuma a yi tanadin jerin da ya zo da suna ɗaya tak, ko babu kome, domin a nan kuskure ya kan auku.