Hawa Tirela: Tafiyar da Talaka Bai Zaɓa Ba

A watan Maris na 2025 aka tare wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo, aka sauko da mafarauta 16 da suka taso daga jihar Ribas za su Kano yin Sallah, aka kashe su. An yi Allah wadai da 'yan sintirin da suka tare su, kuma sun cancanci abin da ya fi haka. Sai dai akwai tambayar da ta shige cikin hayaniya ba a amsa ta ba: me ya sa magidanta masu sana'a, da 'yan jakunkunansu a baya, za su ratsa ƙasar nan daga kudu zuwa arewa a bayan motar kaya? Wata guda kafin nan, tirela ta kife a gadar Hotoro a Kano ta hallaka fiye da mutum 20. A Nuwamban 2023 wata ta faɗi a yankin Magama na jihar Neja ɗauke da mutum sama da 200. Duk lokacin da haka ta faru sai a ce jahilci ne da taurin kai. Wannan bayani yana da daɗi ga hukuma domin ya wanke ta, amma ba shi ne tushen matsalar ba. Mutane na hawa tirela ne saboda hanyar doguwar tafiya mai araha ta mutu a Najeriya, kuma ba a maye gurbinta da komai ba.

Lissafin ba shi da wuya. Tirelar da ta ɗauko shanu ko albasa daga Sakkwato ko Potiskum, mai kaya ya riga ya biya kuɗin manta da na direba. Duk wanda aka ɗora a kai ƙarin riba ne da direba da yaran mota za su raba, don haka ko nawa ya miƙa ba a yi asara ba. Idan an sauke kaya a Legas ko Fatakwal kuwa, bodin da zai dawo wayam sai a cika shi da mutane da babura. Bas ba ta da wannan gata, domin fasinja ne kaɗai ke biyan manta da na kamasho da na shingayen hanya. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin bas ya bi ta, abin da ɗan ci-rani ke samu a ga-ruwa ko gyaran takalmi ko gadi bai bi ba. Wanda ya yi wata biyar yana tara abin sayen taki da kayan Sallar yara ba zai yarda mota ta cinye kaso mai tsoka a ciki ba. Ya san haɗarin sarai, ya ga gawarwaki a gefen titi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

A da jirgin ƙasa ne ke ɗauke wannan nauyi. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, kuma shekaru da dama talaka na shiga da buhunsa daga Kano ko Zariya ya sauka Legas ko Fatakwal a kan kuɗi kaɗan. An bar shi ya lalace. An farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a 2012, amma bai ɗore yadda matafiyi zai dogara da shi ba. Sababbin layukan da aka buɗe, Abuja zuwa Kaduna a 2016 da Legas zuwa Ibadan a 2021, ba su taɓa tafiyar mai fiye da kilomita 1,000 a gabansa ba.

Abin da wannan ke haifarwa ya wuce haɗarin mota. Mutum zai kwana biyu ko uku a kan katakon da aka gitta bisa kawunan shanu, jakarsa ce matashinsa, rana ta dake shi, sanyin dare ya ratsa shi, ba abin riƙewa sai igiyar tamfol. Idan motar ta kife, kayan da yake zaune a kai su ne ke danne shi. Babu takardar sunayen fasinja kamar yadda ake yi a tasha, don haka wasu sai an binne su kafin labari ya kai gida. Direba kan sauke matafiyi inda ya ga dama, ya ƙarasa sauran da ƙafa cikin garin da bai san kowa ba. Mafi muni shi ne zargi. A lokacin da ake fama da garkuwa da mutane, ganin samari sun diro daga bayan motar kaya da daddare ya isa ya tayar da hankalin gari. An ga haka lokacin kullen korona a 2020, sa'ad da aka riƙa tare motocin abinci a kudu ana fito da matasan arewa ana nuna su kamar masu laifi. A Uromi bindigogin farauta ne suka cika wa masu zargi hujjarsu.

Masu cewa a tsananta doka suna da tasu gaskiyar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta hana haɗa mutane da kaya ko dabbobi, kuma direban da ya loda rayuka 200 don son kuɗi bai kamata a tausaya masa ba. Amma kame shi kaɗai ba ya rage kuɗin bas ko da naira ɗaya. Abin da yake yi shi ne ƙara na goro a shinge, da tura direbobi tafiyar dare, lokacin da haɗari ya fi yawa.

Gwamnonin jihohin da 'ya'yansu ke mutuwa a kan waɗannan motoci sun san lokutan da tafiyar ke yawaita: bayan girbi, gabanin Sallah, da faɗuwar damina. Kusan kowace jiha tana da kamfanin sufurinta. Sanya dogayen bas masu rangwame a waɗannan makonni, da matsa wa gwamnatin tarayya ta dawo da jirgin talaka tsakanin Kano da Legas, ya fi kai ta'aziyya da buhunan shinkafa bayan an yi jana'iza. Sai an samar wa mutum abin hawan da aljihunsa zai ɗauka sannan hana shi hawa tirela zai zama adalci.