Allurar Da Ke Sa Tarwaɗa Ta Saki Ƙwai

Manoman Gwarzo da Kabo, ga wata dabara. Tarwaɗar kiwo ba ta sakin ƙwai da kanta, don ita ambaliyar damina take jira. To, akwai allura, Ovaprim, wadda aka kwaikwayi sinadarinta daga kifin da Turawa ke kira salmon. Shi ke umartar jikin kifi ya saki ƙwai. A zaɓi mace mai taushin ciki, a auna ta, kowane kilo rabin mililita. Bayan kamar awa 12 a matse ƙwan, a gauraya da maniyyin namiji. Kwana guda sun ƙyanƙyashe. Amma fa a kula da lokaci. Wanda ya makara, ƙwai ya lalace, kuɗinsa ya tafi banza.