Gargaɗi: kada a harba tsohuwar bindiga mai zanen tufka

Zuwa ga sarakunan baka, mafarauta da masu gadin rudun albasa a Dogarawa, Galmi da ƙauyukan kewaye.

Duk mai tsohuwar bindigar gado, mai baki ɗaya ko biyu, ya fito da ita rana yau ɗin nan, ya goge bututun ya duba. In ya ga zane yana zagaye ƙarfen kamar tufkar igiya, kada ya sake sa mata harsashi, ko sau ɗaya.

Irin wannan bututu, da ake kira Damaskus, ba sandar ƙarfe guda aka huda ba. A zamanin da, maƙeran Birmingham a Ingila da Liyej a Beljiyam murɗa siraran ƙarafa suke yi, su naɗe su a jikin sanda, su haɗe su da wuta da guduma. Kowane zagaye mahaɗa ce, kuma tsatsar shekara ɗari tana ci ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. An ƙera shi ne don baƙin albarushi mai hayaƙi, alhali na harsashin kasuwa marar hayaƙi ne, ya fi shi ƙarfin bugu. Ga kuma tsawo: da yawan irin waɗannan bindigogi na harsashi mai milimita 65 ne, na yanzu 70 ne ko 76. Harsashin yanzu zai shiga lafiya lau, sai an ja kunama ya rasa wurin buɗewa. Bututun kan tsage daidai inda hannun hagu yake riƙe, dab da fuska.

Za a ce, “Ai Baba ya yi shekara da shekaru yana harba ta.” Gaskiya ne, kuma kowane harbi ya rage mata ƙarfi. Ƙwanƙwasa ta a ji amo bai wanke ta ba. Ɗaure ta a jikin icce a ja da igiya daga nesa ma bai wanke ta ba, watakila wannan harbin ne zai buɗe tsagar da za ta fashe gobe. Walda ko naɗin waya kuwa ɓoye ciwon kawai suke yi. A leƙa ciki ma, don zanzaro kan yi ɗaki a bututun da ya daɗe a rataye, kuma ƙasarsa kaɗai ta isa ta fasa ko sabuwar bindiga.

A cire harsashi a ajiye daban, nesa da yara. Wanda tasa ba ta da takarda ya bi ta hannun maigari a miƙa wa jandarma. In tsautsayi ya riga ya auku, a danne raunin da tsabtataccen ƙyalle, kada a zaro ƙarfen da ya shiga ido, a garzaya asibitin Galmi ko na Ƙonni.