Hayaƙin da ke Kamawa da Wuta: Darasin Kwantena ga 'Yan Kwana-kwana

Da zarar hunturu ya kankama a Daura, sai kaskon garwashi ya koma cikin ɗaki, a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma. Ɗakin kuwa ba irin na kakanni ba ne mai tabarma da gadon kara. Yau akwai katifar soso, kujerun kushin, labule da silin roba, wani gidan ma har da jarkar fetur a lungu. Cibiyar UL ta Amurka ta taɓa cinna wa ɗakuna biyu wuta don gwaji: mai kayan zamani ya kama baki ɗaya kafin minti 5, mai kayan da kuwa sai da ya kusa minti 30.

Sirrin yana cikin hayaƙi. Soso da roba in sun ji zafi sukan fitar da baƙin hayaƙi mai kauri, wanda shi kansa makamashi ne. Yakan taru a ƙarƙashin rufi, yana gasa duk abin da ke ƙasansa. Da zafinsa ya kai wajen digiri 600, sai kujera da labule da gado su kama a lokaci guda, ko da harshen wuta bai taɓa su ba. Ɗan kwana-kwanan da abin ya rutsa da shi a ciki, da wuya kayan jikinsa su cece shi.

Mutanen Suwidin ne suka fara koyar da wannan a aikace a shekarun 1980, kuma kayan aikin da suka zaɓa kowa ya san shi: kwantena ta ƙarfe, irin wadda ake mayarwa shago a bakin titi. A jera falankan katako a ƙuryarta, a kunna wuta. Ɗalibai su durƙusa a ƙasa, kowa da hular kwano da tukunyar iska a baya. Malami na jan ƙofa yana sakinta, su kuma suna kallon hayaƙi na saukowa kamar hadari, har harsunan wuta su fara birgima a cikinsa ta saman kawunansu. Wanda ya ga wannan da idonsa sau ɗaya, ba sai an sake yi masa bayani ba.

Sannan a zo kan bakin mesa, inda gwaninta take. Lita ɗaya ta ruwa kan zama tururi kusan lita 1,700, don haka mai kwarara ruwa barkatai a rufaffen ɗaki kansa yake dafawa. Abin da ake koya shi ne a murɗa bakin ya yi feshi, a ɗaga sama, a buɗe a rufe cikin ƙiftawar ido, fat, fat. In ɗigon ruwa bai dawo ƙasa ba, saman ya yi mugun zafi, sai a ƙara. In hayaƙin ya huce, a matsa gaba, a mayar da ruwan miƙaƙƙe a kan gindin wutar. Ga motar da ruwan tankinta ne kaɗai jarinta, wannan tsimi ba ƙaramin abu ba ne.

Gobarar babbar kasuwar Katsina a Maris ɗin 2021, da ta kasuwar Sabon Gari a Kano a Maris ɗin 2016, sun nuna yadda wuta ke tsallaka shago zuwa shago. Akwai makarantar horar da 'yan kwana-kwana ta ƙasa a Sheda, kusa da Abuja, amma tafiya ce mai nisa daga Zango ko Ɓaure. Tsohuwar kwantena da fili a bayan gari ba su fi ƙarfin masarautar Daura ba.

Maƙwabta ma suna da nasu kason. An saba in an ji ihun gobara sai matasa su rugo da gatari su ɓalle ƙofa da taga, da kyakkyawar niyya, alhali iskar da wutar ke nema suke ba ta. In an tabbatar babu kowa a ciki, a bar ƙofar a rufe, a kashe wutar lantarki, a janye babura daga bakin layi don motar kwana-kwana ta sami hanya.