Sojojin Baka da Masu Sharhin Siyasa

Ɗalibai da iyaye, a wannan yanki namu na Funtua da Malumfashi ba a raba manomi da akwatin rediyo. Yana rataye a kafaɗa ko a reshen bishiya a bakin gona, da dare kuma ga talabijin a wurin mai shayi. Yawancin gardamar siyasar da ake yi a majalisa, daga Bakori zuwa Ƙafur, daga bakin wani mai sharhi aka ɗauko ta. Saboda haka ya kamata mu san ko wane ne shi, da kuma wanda yake yi wa aiki.

Da farko mu bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa. Mai karanta labarai aikinsa ya faɗi abin da ya faru, da wurin, da ranar. Mai sharhi kuwa ra'ayinsa yake faɗi. Ba laifi ba ne mutum ya yi ra'ayi. Inda gizo ke saƙa shi ne, su biyun murya ɗaya suke da ita a kunnen mai sauraro, daga gida ɗaya suke fitowa, sai a ji mutum ya ce, “Ai a rediyo aka faɗa.”

A dā gwamnati kaɗai ke da gidajen watsa labarai a Nijeriya, kamar Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962. A 1992 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar NBC, ta ba 'yan kasuwa dama. Raypower ya fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio a Kano a 2003. Wannan ci gaba ne, domin talaka ya sami wurin kai kukansa. Amma gidan ɗan kasuwa sai ya sayi man janareto, ya biya ma'aikata, kuma babban abin da yake da shi na sayarwa shi ne lokaci. Ɗan siyasa sai ya sayi fili, ya turo yaronsa. Daga nan aka sami waɗanda Kanawa suka raɗa wa suna sojojin baka, wato mutanen da sana'arsu ita ce yabon ubangidansu da kushe abokin hamayyarsa. Za ka ji mutum bana yana rantsuwa cewa wane ɓarawo ne, baɗi wanen ya ɗauke shi, ya koma yana cewa ba a taɓa yin adali irinsa ba. Ko a jikinsa.

Kada mu ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. A Amurka akwai wata ƙa'ida da ta tilasta wa gidajen rediyo da talabijin su kawo ɓangarori dabam-dabam na kowace muhawara, aka soke ta a 1987. A 1996 aka buɗe Fox News da MSNBC, tashoshin da ke magana dare da rana. Ta farko ta karkata ga jam'iyyar Republican, ta biyu daga baya ta karkata ga Democrat. Masu su sun gane cewa fushi ya fi gaskiya tara 'yan kallo, 'yan kallo kuwa su ke kawo kuɗin talla. Bayan zaɓen 2020, wasu masu shirye-shirye a Fox suka yi ta ba da fili ga zancen cewa na'urorin kamfanin Dominion sun murɗe wa Donald Trump ƙuri'u. Kamfanin ya kai ƙara. Takardun da aka fito da su sun nuna cewa waɗansu daga cikinsu, a saƙonnin da suke aika wa juna, ba su yarda da zancen ba. A Afrilu 2023 Fox ta amince ta biya dala miliyan 787.5 aka kashe maganar. Wannan shi ne abin da ya fi ba mu tsoro: mutum ya san abu ƙarya ne, amma ya bari a faɗa don kada masu kallonsa su gudu.

Mu dawo gida. Gab da zaɓen 2015, tashar AIT, wadda mai ita a lokacin, Raymond Dokpesi, jigo ne a PDP, ta yi ta nuna shirye-shirye na sukar Muhammadu Buhari da Bola Tinubu. Tinubu ya kai ƙara yana neman naira biliyan 150, a 2016 tashar ta fito ta ba shi haƙuri. Sai dai haƙurin ya zo bayan an gama zaɓe.

Wani lokaci abin ya wuce zaɓe. Ran 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe mata 9 masu allurar rigakafin shan-inna a Kano. 'Yan kwanaki kafin haka wani shiri na Wazobia FM ya yi magana kan allurar. Aka kama ma'aikatan gidan bisa zargin tunzura jama'a, NBC kuma ta dakatar da lasisinsa. Ba mu ce shirin ne ya ɗauki bindiga ba. Amma mu da muka ga tarzomar bayan zaɓen Afrilu 2011, wadda ta ci rayuka fiye da 800 a jihohi 12 na Arewa har da tamu Katsina, mun san cewa a lokacin ɗari magana ɗaya tana iya zama ashana.

To, me ya hana hukuma ta toshe bakinsu kawai? Nan ma akwai rina a kaba. A Maris 2023 NBC ta ci Channels tarar naira miliyan 5 saboda Datti Baba-Ahmed, ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa na jam'iyyar Labour, ya ce rantsar da Tinubu kashe dimokuraɗiyya ne. Wasu suka ce daidai ne, maganar ta yi zafi. Amma a Agusta 2022 hukumar ta ci Trust TV irin wannan tara saboda wani shiri a kan 'yan fashin daji, matsalar da ta hana mutanen Faskari da Ƙanƙara da yawa zuwa gonakinsu. Wannan ba zagi ba ne, labari ne da muke bukata. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban NBC, ga shi kuma shi ma ɗan jam'iyya ne. A Mayu 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara.

A ajin muhawara muna sa ɗalibai su saurari shiri ɗaya, su rubuta wanda ya ɗauki nauyinsa, su ware abin da za a iya bincikawa daga abin da yake zato. Idan mai magana ya ce taki ya wadata, sai a tafi kasuwar Funtua a tambayi kuɗin buhu. Idan ya ce an gyara hanya, akwai direbobi a tasha. Sau da yawa, cikin minti 30 na magana, abin da ake iya bincikawa bai cika rabin shafi ba. Sauran kirari ne da habaici.