Dalilin Da Ya Sa Tankin Sigarin Lantarki Ke Yoyo A Zafin Zamfara, Da Abin Da Ya Kamata A Yi

Daga watan Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi yakan haura digiri 40 da rana. Lokaci ne da waya ke ɗaukar zafi a hannu, caji ke saurin sauka. Lokaci ne kuma da wata 'yar na'ura da ta fara shiga aljihun samari ke nuna halinta, wato sigarin lantarki, wanda wasu ke kira shishar aljihu. Mutum zai fito da ita daga gida a bushe, kafin ya gama zaga Kasuwar Daji ya ji aljihu ya yi danƙo, ƙamshin mangwaro na tashi, wayar da ke gefenta ta jiƙe.

Sabbin masu amfani da ita sukan ɗauka jabu aka sayar musu. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa laifin na zafi ne, da yadda aka cika tankin, da yadda ake ɗaukar na'urar. Kuma ruwan da ke zubowa ya fi ƙarfin ɓata riga: yana iya kashe waya, ya haddasa wa batir matsala, ya kai yaro asibiti.

Yadda na'urar take aiki

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ne ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a shekarar 2003, kuma har yau akasarin waɗanda ke kasuwannin duniya daga masana'antun birnin Shenzhen suke fitowa. Duk bambancin siffarsu, kayan cikinsu huɗu ne: batir, tanki mai riƙe ruwa, kwayil, da audugar da ke zagaye da kwayil ɗin. Audugar tana aiki ne kamar lagwanin fitilar ƙwai. Tana tsotso ruwa daga tanki, kwayil ya yi zafi ya mayar da shi tururi, tururin ya bi wani siririn bututu da ke tsakiyar tanki ya fito ta wurin zuƙa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tankin ba a rufe yake ruf ba. A ƙasansa akwai ramukan da ruwa ke bi ya shiga auduga, ƙarƙashinsu kuma akwai ƙofar iska. To me ke hana ruwan tsiyayewa? Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san mazubin ruwan nan da ake kifewa: ruwa na ciki, baki na ƙasa, amma ba ya zubowa sai kaji sun sha, domin iska ba ta da hanyar shiga ta sama. Haka tankin yake. Muddin saman a toshe yake, auduga kuma tana da ƙarfinta, ruwa zai tsaya. Da zarar iska ta samu kafa, ko wadda ke ciki ta kumbura, sai ruwa ya nemi hanyar fita.

Abin da zafi ke yi masa

Ruwan da ake zubawa haɗi ne na sinadarai biyu, sai nikotin da ƙamshi. Na farko, wanda ake rubutawa PG a jikin kwalba, tsinkakke ne. Na biyu, VG, wato gilisarin, yana da kauri kamar zuma. Shi gilisarin zafi na sassauta shi ƙwarai: kaurinsa a digiri 40 bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa a digiri 20 ba. Ruwan da aka haɗa don ya dace da yanayin Ingila, idan ya yini a aljihu a Shinkafi ranar Alhamis ta kasuwa, zai ratsa auduga da saurin da kwayil ba zai iya ƙona shi ba.

Sannan ga iskar da ke cikin tanki. Idan ta tashi daga digiri 25 na safiya zuwa 45 na cikin mota, tana ƙara girma da kusan kashi 7 cikin ɗari, kuma ruwan take turawa waje. Shi ya sa tankin da ya yi rabi ya fi cikakke saurin yoyo a rana, saboda iskar cikinsa ta fi yawa. Idan aka haɗa da girgizar babur a hanyar Zurmi, da na'urar da ke kwance a aljihun wando, to an haɗa mata komai.

Hunturu kuma da nasa salon. Sanyin asuba yana sa ruwan ya yi kauri, auduga ta kasa tsotsa, a ji ɗanɗanon ƙuna. Ƙura tana toshe ƙofar iska, bushewar iska kuma tana sa zoben roba tsagewa.

A fara gane wace matsala ce

Abubuwa uku ne ake haɗawa a kira su yoyo, alhali kowanne da maganinsa.

Na farko gumi ne. Tururin da ya rage a bututu yakan huce ya koma ɗigo, a ga ɗan laima a wurin zuƙa ko a ƙasan tanki. Wannan ba lalacewa ba ce, gogewa da tsumma mai tsabta kullum ya wadatar.

Na biyu shi ne kwayil ya sha ruwa. Masu babur da janareto sun san yadda inji ke yi idan ya sha mai: ya yi ta tari, ya ƙi tashi. Nan ma haka ne. Ana jin ƙarar ɓul-ɓul idan an zuƙa, tururi ya ragu, wani lokaci ruwa mai zafi ya fantsamo a harshe.

Na uku shi ne yoyo na gaske, inda ruwa ke fitowa ta ƙofar iska, ko ta mahaɗar gilashi, ko ta ƙasan tanki, ko da ba a taɓa na'urar ba.

Idan kwayil ya sha ruwa

A kashe na'urar, a cire tanki daga jikin batir. A naɗe ƙofar iska da takarda mai laushi, a hura ta wurin zuƙa a hankali sau uku ko huɗu, har ruwan da ya taru ya fito. A goge bututun tsakiya da naɗaɗɗiyar takarda. A goge ƙarafan da ke haɗa tanki da batir su bushe sarai kafin a mayar.

Daga nan a duba dalili. Babban cikinsu shi ne zuƙa da ƙarfi. Wanda ya saba da taba ko shisha yakan ja da ƙarfi don ya samu hayaƙi, amma a nan jan ƙarfi ruwa kawai yake jawowa cikin kwayil. Dalili na biyu raunin caji ne. A wuraren da wutar lantarki ba ta zama, ana yawan lallaɓa na'ura da ragowar caji, kwayil ba ya yin zafin da zai ƙone ruwan da ya shigo, sai ya taru. Ga masu na'urar da ake saita ƙarfinta, a jikin kowane kwayil an rubuta adadin wat ɗin da ya dace da shi. Yin ƙasa da wannan adadi yana jawo shan ruwa, wuce shi kuma yana ƙona auduga.

Idan yoyo ne

A bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya:

1. Cikawa. Ramin tsakiya hanyar iska ce, ruwa ta gefe ake zuba shi. A rufe ƙofar iska kafin a buɗe murfi, a bar ɗan fili a sama, a rufe da wuri. Duk daƙiƙar da murfi ya yi a buɗe, ruwa na gangarawa cikin auduga.

2. Zaman kwayil. A tabbatar ya zauna daidai, bai karkace ba. A ɗaure da hannu kawai. Ɗaurin da ya wuce kima yana murƙushe roba ya buɗe wa iska hanya.

3. Zoben roba. A warware tanki a duba kowane zobe a wurin haske. Wanda ya tsage, ya saki, ko ya fita daga gurbinsa, a canja shi. Yawancin tankuna suna zuwa da na canji a kwali, don haka kada a yar da kwalin.

4. Tsufan kwayil. Ga mai amfani kullum, yakan yi mako ɗaya zuwa biyu. Ruwa mai yawan zaƙi yana saurin cinye shi. Idan auduga ta yi baƙi, ba ta iya riƙe ruwa kuma. Sabo kuma a ɗiga masa ruwa kaɗan a audugarsa, a cika tanki, a jira minti biyar zuwa goma.

5. Dacewar ruwa. Kwayil mai manyan ramuka yana son ruwa mai kauri, irin mai VG kashi 70. Idan aka zuba masa mai 50/50, musamman da bazara, sai ya tsiyaye. Ƙananan na'urori masu ƙananan ramuka su ne ke son 50/50.

6. Tsagewa. Gilashi ko robar da ta tsage ba ta da gyara. Gam mai kama ƙarfe da salatif ba su da wuri a abin da ake ɗumamawa a shaƙa.

Bayan haka sai kiyayewa: a riƙa ajiye na'urar a tsaye, a inuwa, ba a gaban mota ko ƙarƙashin kujerar babur ba. Idan za a yi doguwar tafiya, a rufe ƙofar iska ko a juye tankin.

Waɗanda ake yarwa ba su da gyara

Nau'in da ake amfani da shi a yar idan ya ƙare, a manne yake, ba a yi shi don a buɗe ba. Ba shi da maɓalli, wani ɗan firikwensin iska ne ke kunna shi idan an zuƙa. Idan ruwa ya gangara ya shiga firikwensin, na'urar na iya kunna kanta, a ji tana huci ita kaɗai a aljihu. Batirin cikinta na lithiyam ne, irin na waya, kuma zafin da ba ya tsayawa na iya sa shi kumbura ya kama da wuta. Wadda ta fara haka, a fitar da ita waje, a ajiye a kan ƙasa ko siminti nesa da katifa, fetur da yara. Kada a sa ta a caji, kada kuma a jefa ta a bolar da ake cinna wa wuta.

Idan ruwan ya taɓa waya

Ruwan sha yana bushewa, gilisarin ba ya yi. Danƙo yake zama, yana jan laima da ƙura, ya maƙale a ramin caji da lasifika. A kashe wayar nan take, a cire riga, a goge, kada a sa caji. Binne ta a shinkafa ba zai fitar da danƙon ba. A kai wa mai gyara ya wanke ramin da sinadarin goge allon waya. Mafi sauƙi dai shi ne kada waya da na'urar su haɗa aljihu ɗaya.

Hatsarin da ya fi na waya

A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta ƙayyade nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita. Amma da yawa daga waɗanda ake kai wa wasu kasuwanni an rubuta musu 5%, wato miligiram 50. Mililita 10 na irin wannan ruwa na ɗauke da miligiram 500, kuma nikotin yana ratsa fata. Duk inda ya zuba a jiki, a wanke da ruwa da sabulu, a canja rigar da ta jiƙe.

Yara ne suka fi shiga hatsari, domin ruwan na ƙamshin alewa. A watan Disambar 2014, wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar New York ta Amurka bayan ya sha ruwan nikotin, kuma a 2016 ƙasar ta kafa dokar da ta tilasta yi wa kwalaben murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Alamomin gubar sun haɗa da amai, dalalar da yawu, gumi, jiri da bugun zuciya da sauri. Kada a tsaya ɗura manja ko madara, kada a sa yaro amai da gangan. A garzaya asibiti mafi kusa tare da kwalbar. A yankin da rashin tsaro ya sa ba kowace hanya ake iya bi da dare ba, na'urar da aka bari a kan tabarma da magariba ba ƙaramin ganganci ba ne.

Haka kuma kada a tsinka ruwan da turare, mai, ko wani haɗin gida don ya yi auki. A 2019 Amurka ta ga ɓarkewar cutar huhu da ta kwantar da mutum sama da 2,800, ta kashe 68, kuma binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ya danganta ta da wani mai da aka riƙa gauraya wa ruwan da ake sayarwa a bayan fage.

Gyara yoyo ba ya mayar da na'urar ta zama marar illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sigarin lantarki na cutar da lafiya, kuma nikotin na kama mutum da wuri, yana kuma taɓa ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Indiya ta haramta shi tun 2019, Ingila kuma ta hana sayar da nau'in da ake yarwa daga ranar 1 ga Yunin 2025. A Najeriya, dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba kayan taba. Wanda bai fara ba, babu abin da ya rasa. Wanda kuma ya riga ya saya, idan ya canja kwayil, ya canja roba, ya gyara cikawa, tankin bai daina zuba ba, to ya haƙura da shi. Kuɗin tanki bai kai na waya ba, balle lafiyar yaron gida.