In An Gyara Matani, Sai A Sake Duba Sharhi

Ya ku malamai da fatake, ku sani wayar Android da ke aljihunku, da ɗimbin manyan kwamfutocin da intanet ke tsaye a kansu, tushensu ɗaya ne, sunansa Linux. Wani ɗalibi na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara shi a 1991, ya bar rubutunsa a buɗe, kowa ya karanta, kowa ya gyara. Daga nan jama'o'i suka tashi suna tara manhajoji a kansa, kamar jama'ar Debian da Ian Murdock ya kafa a 1993, da Fedora, da Ubuntu.

To, irin wannan tsari ba dunƙule guda ba ne. Ƙunshi-ƙunshi ne dubbai, kowane yana jingine da wani. Malamai sun san misalinsa: Muhtasar na Shehu Halilu matani ne, Dardiri ya yi masa sharhi, Dasuƙi kuma ya yi wa sharhin hashiya. Da za a canja lafazi ɗaya cikin matani, lalle a koma ga sharhi, daga nan a gangara ga hashiya, in ba haka ba a iske mai hashiya yana bayanin kalmar da babu ita. Haka ƙunshin manhaja yake. In na ƙasa ya canja siffa, duk wanda aka gina a kansa sai an sake gina shi, bi da bi, asali kafin reshe.

Ga abin da ya auku. Waɗannan na'urori suna ƙidaya lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. A tsofaffinsu, ma'aunin da ake zuba ƙidayar bai ɗaukar fiye da 2,147,483,647. Zai cika ran 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya, sai na'ura ta ɗauka an koma 1901, wato kafin Turawa su ci Kano. Duk lissafin da ke rataye da kwanan wata sai ya rikice.

Magani shi ne a faɗaɗa ma'auni. Amma duk wanda ya taɓa awon masara a kasuwar Yankara ya san in mai sayarwa ya auna da babbar tiya, mai saye yana ƙirga da ƙarama, rigima ce za ta biyo. Don haka a 2024 mutanen Debian suka sake gina ƙunshi masu yawan gaske don ƙananan na'urori masu tsohon ma'auni, suka liƙa wa sababbin alamar t64 a ƙarshen suna don kada sabo ya cuɗanya da tsoho. Aikin ya fito cikin Debian 13 a Agusta 2025, shekara 12 da 'yan watanni kafin ranar. Tun ran gini ran zane.

Akwai kuma sake gini saboda amana. Ran 29 ga Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kamar rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ya iske an dasa ɓarauniyar ƙofa cikin xz, ƙaramin ƙunshi mai matse fayil. Wanda ya dasa ta ya yi wajen shekara 2 yana taimako har aka amince da shi. Mutanen Ubuntu ba su tsaya ga cire gurɓataccen ba. Duk ƙunshin da aka gina tun shigowarsa ɗakin gini suka sake ginawa, har fitowar gwajin Ubuntu 24.04 ta yi jinkirin mako guda. Hukuncinsu irin na marubuci ne: in uwar littafi ta sami miki, duk abin da aka juya daga gare ta sai an sake muƙabala.

Jama'ar Fedora kuwa sun gwada wata dabara a 2018, suka kasa manhajoji gungu-gungu, domin mutum ya zaɓi tsoho ko sabo yadda ya so. Sai ga shi kowane gungu yana bukatar nasa gini dabam duk sa'ad da asali ya motsa, nauyi ya yi wa masu kula yawa, masu amfani da ita suka ragu. A 2023 aka ajiye dabarar. Yawan rassa, yawan ban ruwa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in wayarka ko na'urar POS ta shagonka ta ce a sabunta, kada ka ɗauke shi cin data kawai. Sau da yawa gyara ne da aka yi can asali, ya bi silsila har ya iso gare ka. Wayar da kamfaninta ya daina aiko mata gyara kuwa, silsilarta ta yanke, kada ka ɗora mata jarinka duka.